Mun Ɗanɗana, Ga Hukuncinmu: Cakulan Dubai da Kayan Garar Gida a Tabarma Ɗaya

Duk wanda ya halarci sa rana ko kai gara a unguwar nan cikin 'yan shekarun nan ya ga abin da muka gani. A da, in an kawo goro da dabino da katan ɗin minti da biskit, an fita kunya. In lokacin gara ya zo, a jera alkaki da nakiya da dublan a manyan kwanuka, dangin ango su buɗe, su sa albarka. Yanzu kuwa sai ka ji ana raɗa a tsakar gida: "Wai babu cakulan a kayan?" Mun san gidan da aka rage alkaki da nakiya don a samu kuɗin sayo kwalaye masu ruwan zinare daga Abuja. Mun kuma san uban da har yau yana biyan bashin kayan zaƙin da aka cinye cikin yini ɗaya.

Shi ya sa muka ce bari mu daina gardama da baki kawai. Gani ya kori ji, ɗanɗano kuma ya kori gani. Muka tara kaya, muka zauna, muka ci, ga kuma abin da harshenmu ya gaya mana.

Yadda muka yi zaman

Mu tara ne, maza da mata, bayan la'asar, a tsakar wani gida a nan unguwa. Akwai wata gwaggonmu da ta tsufa tana yin kayan gara, akwai wani dattijo da ba ya rabuwa da goro, akwai ɗalibai biyu na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Keffi, sauran kuma mu ne. Aka cire kowane abu daga takardarsa, aka yanka ƙanana, aka sa a faranti mai lamba, don kada kwali ya ruɗi ido. Tsakanin faranti da faranti kowa ya kuskure baki da ruwan ɗumi. Dattijon nan sai da muka roƙe shi ya ajiye goronsa tun azahar, ya yarda da ƙyar, yana cewa, "Ku 'ya'yan nan, a kan alawa za ku sa ni azumi?"

Cakulan iri huɗu muka samu: wanda ake kira na Dubai, da aka sayo a wani kanti a Abuja, wani mai araha irin wanda ake sayarwa katan-katan, Kingsbite na Gana, wanda wani ɗan'uwa ya yo mana tsaraba daga Kumasi, da wani baƙi mai ɗaci da wani ƙaramin kamfani ke yi a Legas da kokon Najeriya. A ɓangaren gida kuma muka ajiye nakiya, alkaki hannu biyu, tuwon madara, gullisuwa da kantun riɗi, duk daga hannun masu yi a nan Keffi. Ba za mu faɗi sunan kowa ba, domin gyara muke so, ba tonon silili ba.

Abu biyar muka duba a kowane faranti: yadda yake a ido, ƙarar da yake yi in an karya, ƙamshinsa, yadda yake narkewa a baki, da abin da yake bari a harshe bayan an haɗiye. Na ƙarshen nan shi ya fi raba gardama, don zaƙi kowa na iya zuba shi, amma abin da ke saura bayan zaƙin ya wuce shi ke nuna an yi aiki ko ba a yi ba.

Me ake kira cakulan tukuna?

Kafin hukunci, ya kamata mu san abin da ake yi wa hukuncin. Cakulan daga 'ya'yan koko ake yin sa, ba kokon gero da muke sha da ƙosai ba, na bishiya da ake nomawa a kudu. Ana fasa ƙwallon, a kwashe 'ya'yan, a rufe su da ganyen ayaba kamar kwana biyar zuwa bakwai su yi tsami, a shanya a rana, a gasa, sannan a niƙa. Kusan rabin nauyin ɗan koko mai ne, kuma wannan man shi ne sirrin abin. Yana daskarewa ya yi tauri a wuri mai sanyi, yana kuma narkewa a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, wanda yake 37. Shi ya sa cakulan na gaske yake karyewa ƙwas a hannu, amma da ya hau harshe sai ya narke ya bi yawu.

Man koko yana da tsada, don haka masu neman riba sukan cire shi, su maye gurbinsa da man ƙwallon kwakwar manja da aka tace aka daskarar, su zuba garin koko kaɗan don launi, su cika da sukari. Irin wannan ba ya narkewa sosai a baki, sai ya bar wani maiƙo a dasashi kamar ka tauna kyandir. A Tarayyar Turai dokar da suka yi a shekarar 2000 ta ce ba a kiran abu cakulan mai madara sai kokon da ke ciki ya kai kashi 25 cikin ɗari, baƙi kuma kashi 35, kuma wani man da ba na koko ba kada ya wuce kashi 5. Cikin mayukan da suka yarda a sa ɗin akwai man kaɗanya, wanda matanmu na karkara ke bugawa.

Tsadar ma tana da dalili. Kwaddibuwa da Gana su ke noma fiye da rabin kokon duniya, kuma da cuta da rashin kyawun yanayi suka taɓa gonakinsu, farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a watan Maris na 2024, abin da ba a taɓa gani ba. Haɗa wannan da faɗuwar naira, sai ka gane cewa duk abin da aka ce maka cakulan ne kuma aka sayar maka da araha, to da wuya a samu man koko a cikinsa. Araha dai ba ta ado.

Farantan cakulan

Mu fara da wanda ya tara mu. Cakulan Dubai na asali wani kamfani ne mai suna FIX ya fito da shi a birnin Dubai, wanda wata mata mai suna Sarah Hamouda ta kafa. Wani bidiyo da ya bazu a TikTok a ƙarshen 2023 shi ya sa duniya ta rikice a kansa. Cikinsa ana cusa niƙaƙƙen fustuƙ, wata gyaɗar bishiya mai koren ciki, da niƙaƙƙen riɗi, da soyayyen zaren fulawa irin na kunafar Larabawa. Tun daga nan kowa ya shiga kwaikwayo, kuma mafi yawan abin da ke yawo da wannan suna kwaikwayon ne.

Namu ma kwaikwayo ne, kuma bai yi ba. Da aka karya shi bai yi ƙara ba, lanƙwashewa ya yi kamar ƙullin fulawa. Cikinsa kore shar, irin koren da ke shafar yatsa, wanda ya nuna kala aka zuba. Ƙamshin da ya fito na gyaɗa ne da turaren kek. Zaren da ya kamata ya riƙa ƙaras-ƙaras a baki ya sha mai ya yi laushi. Bayan an haɗiye, maiƙo ya zauna a baki sai da muka sake kuskurewa. Gwaggo ta tauna, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan ai tunkuza ce aka yi wa lalle." Da muka duba takardarsa daga baya, babu lambar NAFDAC, babu ranar da zai lalace, babu ko sunan garin da aka yi shi. Kuɗin da aka ba da a kan guda ɗaya kuwa ya isa a yi alkakin da zai cika babban faranti. Ba mu ci na asalin ba, don haka hukuncinmu a kan wannan da ke shigo mana ne, kuma shi ne ya zo na ƙarshe a wurin mutum takwas cikin tara.

Mai arahar nan na katan bai ba mu mamaki ba. Sukari ne a gaba, sukari a baya, koko kuma sai ka yi ta nema. Samansa ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Wannan ba fumfuna ba ce, alama ce ta cewa ya narke ya sake daskarewa, wataƙila sau da yawa, tsakanin zafin mota a hanyar Mararaba da firijin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa. Ba ya cutarwa, amma daɗin ya tafi. Abin da za mu yaba masa shi ne bai yi ƙarya ba: takardarsa ta faɗi cewa man tsirrai ne a ciki, kuma kuɗinsa daidai da shi.

Kingsbite na kamfanin sarrafa koko da ke Tema ya tsaya da ƙafarsa. Yana da ɗan tauri, ba ya saurin narkewa a hannu, abin da ya dace da garin da zafin Maris da Afrilu ke wuce inda man koko ke narkewa. Ƙamshin koko ya fito sosai, madarar ba ta danne shi ba. Ɗaliban nan biyu shi suka zaɓa na ɗaya.

Baƙin na Legas, wanda aka rubuta kashi 70 a jikinsa, shi ya raba mu biyu. Ya karye ƙwas, yana sheƙi, ya narke tas bai bar maiƙo ba. Amma yana da ɗaci da ɗan tsami-tsami, har wata daga cikinmu ta yamutsa fuska ta ce magani aka ba ta. Dattijon goro kuwa ya lumshe ido ya ce, "Ku dakata, ku bar shi ya zauna. Ɗacin nan irin na goro ne, daɗinsa a baya yake." Kuma ya yi gaskiya fiye da yadda ya sani, don masana tsirrai sun sa bishiyar goro da ta koko a dangi ɗaya, kuma sinadaran da ke wartsake mai cin goro akwai su a koko. Mutanen da kakanninsu suka yi fataucin goro har Gwanja bai kamata ɗacin cakulan ya ba su tsoro ba. Harshenmu ne sukari ya lalata.

Farantan gida

Nakiya ce ta ci zaman, kuma ba don son kai ba. Wadda aka kawo mana an yi ta yadda ake yi tun da: an jiƙa shinkafa, an tsane, an daka, an soya garin a hankali har ya yi ƙamshi bai ƙone ba, sannan aka kirɓa shi a turmi da zuma da man shanu da citta da kanumfari da masoro. In muka bi ma'aunin da muka gwada cakulan da shi, nakiyar nan ta cika shi. Tana sheƙi, tana narkewa a hankali, ɗanɗanonta kuma yana zuwa daki-daki: zuma ta fara, man shanu ya biyo, can ƙarshe yajin citta ya ɗumama maƙogwaro. Kuma ba ta neman firiji. Nakiya mai kyau takan yi watanni a rufe ba ta canza ba, shi ya sa iyayenmu suka sa ta a gara, amarya ta daɗe tana tarbar baƙi da ita.

Alkaki hannu biyu ya koya mana darasi. Na farko an yi shi da ɓarzajjiyar alkama, an bar kwaɓin ya kwana ya yi ɗan tsami, an soya a sabon mai, an tsoma a zuma. Wajensa na ƙaras, cikinsa ya sha zuma har tsakiya, tsamin nan kuma yana taka wa zaƙin burki. Shi ya zo na biyu a lissafinmu, kafaɗa da kafaɗa da baƙin cakulan. Na biyun kuwa, wallahi mun ji kunya. Man da aka soya shi ya tsufa, yana ƙauri. Ruwan sukarin bai shiga ciki ba, ya bushe a waje ya yi fari, cikin kuma tauri kamar busasshen rogo. Gwaggo ta juya shi a hannu ta ce, "Wannan gaggawa ce. An kwaɓa da safe, an soya da hantsi. Alkaki ba ya son mai sauri." Muka tambaye ta, "Gwaggo, to me ya sa ake yin haka yanzu?" Ta ce, "Ku ne. Kuna zuwa ana gobe biki, ku ce a yi muku kwano goma, ku kuma taya rabin kuɗi. Da me za ta sayi zuma?" Ba wanda ya iya ba ta amsa.

Tuwon madara da gullisuwa su ne suka fi nuna mana cewa cutar da ke damun cakulan mai araha ta shigo gida. Yawancin madarar buhu da ake aunawa a kasuwa an cire mata man nono an sa na tsirrai, kamar dai yadda ake cire man koko. Tuwon madarar da muka ci an yi masa kala uku, ja da kore da ruwan ɗorawa, ya yi kyau a ido, amma a baki sukari ne ke ƙaras a haƙori, ƙamshin madara kuma sai kaɗan. Gullisuwar ta fi shi, don ta soyu daidai, ta yi launin ƙasa-ƙasa mai kyau, sai dai ita ma an cika mata zaƙi har mutum ba ya iya cin uku a jere.

Wanda ya fi ba mu takaici shi ne kantu. Jihar Nasarawa na cikin manyan masu noman riɗi a Najeriya. Daga Doma da Lafiya da kewaye ake lodinsa zuwa tashar jirgin ruwa, a kai Japan da Turkiyya da Sin. Cakulan Dubai ɗin da ake rububi ma, riɗi na cikin abin da ke ba shi daɗi. Amma kantun da aka yi a jihar riɗi, da muka tauna, sai ga tsakuwa. An gasa riɗin da kyau, ƙamshinsa ya fi na komai a tabarmar, sukarin bai ƙone ba, amma rashin rairaya ya zubar da aikin gaba ɗaya. Da an wanke an rairaye, da kantun nan ya yi gogayya da nakiya.

Abin da muka fahimta

Jerin ya tsaya haka: nakiya, sai alkakin zuma da baƙin cakulan, sai Kingsbite, gullisuwa, kantu, tuwon madara, cakulan katan, alkakin gaggawa, sannan na Dubai a ƙarshe. Wanda ya duba jerin zai ga cewa na gida da na waje sun cakuɗe sama da ƙasa. Abin da ya raba su shi ne kayan haɗi na gaskiya da haƙurin mai yi. Duk inda aka cire abu mai tsada aka cika gurbinsa da sukari da kala, harshe ya gane, ko daga Dubai aka ce ya zo ko daga bayan gidanmu.

Akwai kuma abin da ya fi daɗin baki. Kayan gara sana'ar mata ce a unguwar nan. Da ita zawarawa da matan da mazajensu suka rasu ke biyan kuɗin makaranta da na asibiti. Duk kwalin kwaikwayo da aka sayo don a burge dangin ango, kuɗin wata ce a cikinsu ya bi hanyar Abuja. In kuma aka ci gaba da matse su a farashi, za su ci gaba da rage zuma da man shanu, har yaranmu su tashi suna zaton alkaki abu ne mai tauri da ƙauri, su guje shi da hujja. Ta haka sana'a ke mutuwa, ba a rana ɗaya ba.

Kudu ma ta sha irin wannan. Da kuɗin koko aka gina Cocoa House mai hawa 26 a Ibadan a 1965, kuma har yau Ondo da Kuros Riba da Osun suna noma shi, amma mafi yawansa ɗanye ake fitarwa, a sarrafa a Turai, a dawo mana da shi a kwali da ninkin kuɗi. Abin da ake yi wa kokonsu shi ake yi wa riɗinmu da kaɗanyarmu. Shi ya sa baƙin cakulan na Legas ya burge mu, ko da rabinmu ba su so ɗacinsa ba: wani ya tsaya ya sarrafa abin gida a gida, ya kuma yi shi da kyau.

Shawararmu

Ga iyayenmu da yayyenmu masu yin kayan gara: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A rairaye riɗi, a canza mai in ya tsufa, a rage kala, a bar kwaɓin alkaki ya kwana. A rufe kaya daga ƙuda da ƙura. In zuma ta yi tsada, mazarƙwaila irin ta Maƙarfi ta fi farin sukari ƙamshi, kuma a gaya wa mai saye gaskiyar abin da aka sa. A yi farashi biyu in ya kama, na zuma daban, na sukari daban, kowa ya ɗauki daidai ƙarfinsa.

Ga masu biki: a ba da aiki da wuri, a biya abin da ya kamata. Wanda ke son cakulan a kayansa ba mu hana shi ba, amma ya juya kwalin ya karanta. Ya nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya duba ko man koko na cikin jerin kayan haɗin, ya tuna cewa abin da aka fara rubutawa a jerin shi ya fi yawa a ciki. Ƙaramin guda ɗaya na gaske ya fi katan na bogi. Kada kuma a ci bashi a kan abin da zai narke kafin a kai shi gidan ango.

Ga matasanmu, musamman masu karatu a jami'a: kun iya waya, kun iya ɗaukar hoto, kun san yadda ake tallata kaya. Nakiyar da ta ci zamanmu a tsohuwar roba aka kawo ta, babu suna, babu kwanan wata. Ku zauna da iyayenku mata, ku koyi awon, ku rubuta shi, ku nemo mazubi mai tsabta. Masu wucewa ta Keffi zuwa Akwanga da Jos da Lafiya ba su da iyaka, kuma duk matafiyi yana neman tsaraba.

Sannan kowa ya ci da lissafi. Masu ciwon sukari a gidajenmu suna da yawa, kuma zuma ma zaƙi ce. Yara a riƙa sa su wanke baki kafin barci.

Da za mu tashi, dattijon nan ya ciro goronsa, ya ɓare, ya haɗa da ragowar baƙin cakulan ya jefa a baki. Gwaggo kuma ta tattara alkakin gaggawar nan a leda ta ce za ta kai wa mai shi da kanta, su yi magana ta mata. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, dublan da cincin da dakuwa za mu zauna a kansu. Duk wadda ta san hannunta ya faɗa, ta aiko da nata ta hannun masu raba mujallar nan, za mu sa masa lamba kamar kowa. Wanda kuma yake ganin mun zalunci wani faranti, ya rubuto, za mu buga. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba amare da angwaye zaman lafiya.